Fadar Knossos: Ina Aikin Mutanen Da Ya Tsaya, Ina Na Arthur Evans Ya Fara?

A watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta saka wasu tsofaffin wurare shida na tsibirin Kirit, a ƙasar Girka, cikin jerin kayan tarihin duniya. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Knossos, kimanin kilomita biyar kudu da birnin Heraklion. Duk wanda ya taɓa neman hoton wurin a intanet ya san abin da ke fara fitowa: jajayen ginshiƙai masu kauri daga sama, sirara daga ƙasa, bayansu zanen wani bijimi ya sunkuyar da kai zai kai tunkuyi. A ƙarƙashin hoton sai a rubuta cewa ginin ya haura shekara 3,500.

To, harsashin dai ya kai waɗannan shekaru. Amma ginshiƙan nan da ake ta ɗauka hoto na kankare ne da rodi, a wajajen 1930 aka zuba su. Wato layin dogon da ya iso Kano a 1911 ya girme su. Zanen bijimin ma kwafi ne; 'yan guntayen asalin suna gidan adana kayan tarihi na Heraklion.

Mutumin da ya sa aka yi wannan aiki shi ne Arthur Evans, Baturen Ingila da ya shafe fiye da shekara talatin yana haƙa yana gini a Knossos. Babu mai musun cewa ya fito da wata wayewa da duniya ta manta da ita. Ƙorafinmu a kansa guda ɗaya ne, amma mai nauyi: ya haɗa abin da ƙasa ta ba shi da abin da zuciyarsa ta raya masa, sannan ya shafe ɗinkin da ke tsakaninsu, har ya zama mai kallo ba ya iya bambancewa. Hasashe halal ne a binciken kufai, ba a aikin sai da shi. Matsalar tana farawa ne ranar da aka zuba wa hasashe kankare.

Gonarsa, kuɗinsa, alƙalaminsa

Ba Evans ne ya fara kafa diga a Knossos ba. A 1878, lokacin tsibirin na ƙarƙashin mulkin Turkawa, wani ɗan kasuwa ɗan ƙasa mai suna Minos Kalokairinos ya tona wani sashe ya ci karo da manya-manyan randunan ajiya, kafin a dakatar da shi. Evans, wanda aka haifa a 1851, shi ne shugaban gidan tarihi na Ashmolean a Oxford, kuma ɗan gidan masu hali ne. Arzikin gidansu daga masana'antar takarda ya fito. Da kuɗinsa ya saye tudun, ya fara haƙa ranar 23 ga Maris, 1900.

Sa'a ta bi shi tun daga makon farko. Cikin 'yan makonni ma'aikatansa suka buɗe wani ɗaki mai kujerar dutse jingine da bango, da bencina a gefe da gefe. Suka tono allunan yumɓu masu rubutu, da guntayen zanen bango, da dogayen rumbunan ajiya cike da randuna. Cikin shekara biyar an fito da mafi yawan ginin, wanda faɗinsa ya kusa hekta biyu. Bincike ya nuna an fara gina shi wajen shekara ta 1900 kafin Miladiyya, ya rushe wajen 1700 aka sake gina shi, kuma a ƙarƙashinsa akwai kufan manoma da ya kai shekara ta 7000 kafin Miladiyya.

Ku lura da wani abu a nan. Filin nasa ne, shi ke biyan ma'aikata, shi ke fassara abin da aka samu, shi ne kuma ya rubuta babban littafin da ya bayyana wa duniya shi, mujalladi huɗu daga 1921 zuwa 1935. A ilimin kimiyya, kariyar mai bincike daga son zuciyarsa ita ce a sami wanda zai iya ce masa a'a. Evans bai da irin wannan mutum a kusa. Mataimakinsa, Duncan Mackenzie, ɗan Sikotilan, shi ne ke tsaye a kan ma'aikata kullum yana rubuta abin da aka samu da zurfin da aka same shi. Amma Mackenzie albashi yake karɓa a hannun Evans.

Uzurinsa, kuma uzuri ne na gaske

Kafin mu yi suka, a ba shi haƙƙinsa. Magina Knossos sun yi amfani da katako sosai: ginshiƙansu na itace ne, akwai kuma azara a cikin bango da rufi. Bayan dubban shekaru katakon ya ruɓe ko ya zama gawayi, ƙasa da ɓaraguzai ne kawai suka tallafe benayen sama a inda suke. Da zarar an kwashe ƙasar, sai abin da ke sama ya nemi ruftowa. Haka ya faru da babbar matakalar da aka gano a 1901, wadda hawa-hawanta suka tsira a muhallinsu. Da farko an tokare ta da katako, ruwan sama ya ruɓar da shi cikin 'yan shekaru. Aka koma ƙarfe. Ga shi kuma wani dutse mai laushi da aka shimfiɗa a daɓe da bango, jifsam, narkewa yake a hankali in ruwa na dukansa. A 1926 aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfi Evans na tsibirin. Duk wanda ya ga wannan zai fahimci dalilin da ya sa kankare ya burge shi. Kuma a zamaninsa ba shi kaɗai ba ne: taron masana da aka yi a Atina a 1931 ya amince a riƙa amfani da kankare mai rodi wajen gyaran tsofaffin gine-gine.

Da a nan ya tsaya, da babu dogon zance. Sai dai tokare abin da ke tsaye daban, gina abin da ba a samu ba daban. A saman ɗakin kujerar nan, a 1930, Evans ya sa aka ɗora bene sukutum, wanda fasalinsa daga hasashe ya fito. A wurare da yawa an ɗaga bango, an yi rufi, an shafa fenti mai kama da katako a kan kankare. Turawan Italiya da suka fara haƙa a Phaistos, a kudancin tsibirin, a shekarar 1900 ɗin nan dai, sun taƙaita gyara ƙwarai. Phaistos ba ya ɗaukar ido a hoto kamar Knossos, amma mai bincike da ya je can yau ya san kusan duk dutsen da ya dafa na mutanen da ne.

Yaron da ya koma biri

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne zanen bango. Abin da aka tono guntayen yaɓe ne, wasu ba su wuce tafin hannu ba, a warwatse cikin ƙasa. Evans ya ɗauko masu zane biyu 'yan Suwizalan, uba da ɗa, dukansu sunansu Émile Gilliéron, su haɗa guntayen su cike giɓin.

Ɗauki zanen da ake kira Mai Tsinkar Za'afaran. An sami guntayen wani jiki mai launin shuɗi yana miƙa hannu cikin furanni. Aka cike shi a matsayin yaro, aka yi masa kai da fuska irin na mutum. Daga baya masana suka lura cewa wani guntu da aka rasa inda za a saka shi ai wutsiya ce. Shuɗin yaron nan biri ne. Da aka fara haƙa Akrotiri a tsibirin Santorini a 1967, garin da tokar aman wuta ta binne, sai ga shuɗɗan birai a bango ƙuru-ƙuru.

Sai kuma zanen da ya fi kowanne shahara, saurayin nan mai kambin furen lili da gashin tsuntsu, wanda Evans ya ce shi ne sarkin Knossos mai riƙe da sarauta da shugabancin addini a lokaci guda. Abin da aka samu a 1901 guntaye ne: kambi, ƙirji da hannu, da sashen ƙafa. Fuskar gaba ɗaya aikin zamani ce. A 1979 wani likita Bafaranshe, Jean Coulomb, ya duba yadda tsokar ƙirjin ta karkata ya ce jikin ɗan dambe ne. A 1987 Wolf-Dietrich Niemeier ya kawo hujja cewa guntayen na siffofi daban-daban ne, kuma irin wannan kambi a zanen Kirit mata ke sa shi ko dabbobin almara. Wata masaniyar, Maria Shaw, ta ce a'a, mutum ɗaya ne, amma mai yiwuwa mace. Har yau ana wannan muhawara, kuma haka ya kamata. Amma baƙon da ya tsaya gaban kwafin da ke manne a bangon Knossos ba muhawara yake gani ba. Sarki yake gani, da fuskarsa da komai.

'Yar mutum-mutumin nan mai riƙe da macizai, wadda ake kira allahiyar macizai, a 1903 aka tono ta ba kai, ba wani sashe na hannun hagu. An yi mata kai, aka kuma ɗora mata wata 'yar kyanwa da aka tsinta daban. Matan da ke wani zanen kuwa, masu kitso da sarƙoƙi, yawancin fuskokinsu fentin ƙarni na ashirin ne. Marubucin Ingila Evelyn Waugh, da ya ga zane-zanen a ƙarshen shekarun 1920, ya yi shaguɓen cewa masu gyaran sun yi kama da waɗanda bangon mujallar Vogue ya ja ra'ayinsu. Mutane na mamakin yadda fasahar Kirit ta yi kama da ta zamani. Wani ɓangare na amsar shi ne hannun zamani ne ya ƙarasa ta.

Abin bai tsaya a nan ba. Da kasuwar kayan Kirit ta buɗe a Turai da Amurka, masu jabu suka gane irin abin da ake so, suka fara ƙerawa. A 1914 gidan tarihi na Boston ya sami wata 'yar mutum-mutumi ta hauren giwa da zinariya, ba a san ramin da ta fito ba. Evans ya karɓe ta hannu bibbiyu a matsayin shaida. A littafinsa na 2002 Kenneth Lapatin ya tara hujjojin da suka sa yawancin masana yau ke ɗaukarta jabu. Kun ga yadda zancen ya zagaya: mai bincike ya faɗi abin da yake tsammani, maƙera suka ƙera masa shi, shi kuma ya nuna shi a matsayin tabbaci.

Sunan da aka raɗa kafin a ga jariri

Kankare ba shi ne kaɗai abin da Evans ya gina da shi ba. Ya yi gini da sunaye. Girkawan da suka zo bayan fiye da shekara ɗari biyar suna da tatsuniyar wani sarki Minos na Knossos, mai gida mai ruɗaɗɗun lunguna inda ya ajiye dodo mai jikin mutum da kan bijimi. Evans ya ɗauki sunan wannan sarkin tatsuniya ya liƙa wa al'ummar gaba ɗaya: Minosawa. Ba shi ya fara furta kalmar ba, amma shi ya kafa ta. Misirawan zamanin, waɗanda suka zana 'yan tsibirin a kaburburan manyansu ɗauke da kaya, Keftiu suke kiransu.

Da aka ce akwai Minos, dole a samo masa fada. Da aka ce fada, dole a samo ɗakin sarki, da ɗakin sarauniya, da bayan gidan sarauniya. Haka kuwa aka sa wa ɗakunan suna, kuma sunayen ne a allunan da baƙi ke karantawa har gobe. A ɗakin da ake kira na sarauniya an manna kwafin zanen kifayen dolfin a saman ƙofa. Robert Koehl ya kawo hujja a 1986 cewa mai yiwuwa zanen daɓe ne da ya faɗo daga benen sama.

Abin da ya kamata ya ba mu mamaki shi ne wannan. A Misira da Mesofotamiya na wancan zamani, sarakuna sun cika bango da hotunansu da sunayensu da labarin yaƙoƙinsu. A Kirit kuwa, kafin zuwan Girkawa, ba a sami hoto ɗaya da kowa ya yarda cewa na sarki ne ba. Kujerar dutsen ma, tun 1958 Helga Reusch ta ce mai yiwuwa macen da ke jagorantar bauta ce ke zama a kai. Wasu masana na yanzu, irin su Jan Driessen, sun gwammace su daina cewa fada, su ce gini mai tsakar gida, domin abin da ake iya nunawa da yatsa ke nan: babban fili a tsakiya, rumbuna, wuraren sana'a, ɗakunan bauta. Ko sarki ɗaya ne ke iko da wurin, ko manyan gidaje ne ke haɗuwa a yi biki a raba abinci, tambaya ce da ke buɗe. Kalmar fada tana rufe ta tun kafin a yi ta.

Masu son zaman lafiya?

Babban labarin da Evans ya bar wa duniya shi ne cewa Minosawa mutanen zaman lafiya ne: biranensu ba ganuwa, zanensu furanni ne da kifaye, jiragen ruwansu ne ke tsare teku, su ne kuma wayewar farko ta Turai. Cathy Gere, a littafinta na 2009, ta nuna yadda wannan hoto ya dace da rayuwar mai zana shi. Evans ya yi aikin jarida a yankin Balkan a shekarun 1870 ya ga yaƙi da idonsa. Ya ga ɓarnar rikicin Kiristoci da Musulmin Kirit a ƙarshen shekarun 1890. Mujalladin farko na littafinsa ya fito shekara uku bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsibiri mai arziki da ke mulkin teku da jiragen ruwa kuwa, ai ba sai an faɗa wa kowa ƙasar da ya yi kama da ita ba.

Abin da ya fi ɗaure kai, shi Evans ɗin da kansa, a yawon da ya yi a gabashin Kirit a shekarun 1890, ya rubuta labarin hanyoyin soja da sansanonin tsaro da ya gani. A 1904 ya tono kaburbura kusa da Knossos masu takubba da masu. Masu bincike na baya sun sake gano ganuwoyi da gidajen gadi a wurare da dama na tsibirin. Shaidar tana nan tun farko. Labarin ne ya danne ta.

Akwai kuma wani zane da ya shafe mu kai tsaye. A shekarun 1920 aka tono guntayen hoton wani mutum jajaye-jajaye yana gudu da masu biyu a hannu, bayansa guntun ƙafar wani baƙin mutum, da wani guntu na kai. Evans ya sa masa suna Kyaftin ɗin Baƙaƙe, ya fassara shi a matsayin hafsan Minosawa yana jagorantar dakarun Afirka, har ya yi hasashen an yi amfani da irin waɗannan runduna wajen cin ƙasar Girka. Daga ƙafa ɗaya da guntun kai fa. Hulɗa tsakanin Kirit da Misira gaskiya ce, kayan da aka tono a ɓangarorin biyu sun tabbatar da ita. Amma hoton hafsa a gaba, baƙaƙen dakaru a baya, hoto ne da kowane Baturen zamanin Evans ya saba da shi, irin rundunar da Lugga ya haɗa a ƙarshen shekarun 1890 wadda Hausawa suka yi yawa a cikinta. Abin da idonsa ya saba gani shi ya gani a bango.

A 1979 abubuwa biyu suka girgiza labarin zaman lafiyar. A Anemospilia, kudu da Knossos, Yannis Sakellarakis da matarsa Efi suka tono wani gini da girgizar ƙasa ta rusa wajen 1700 kafin Miladiyya. A ciki akwai ƙasusuwan mutum huɗu, ɗaya saurayi ne kwance a kan wani dandamali, da makamin tagulla a kansa. Suka ce yanka shi aka yi don bauta. A Knossos kuma Peter Warren ya tono ƙasusuwan yara masu alamun wuƙa irin na fiɗa.

A nan sai mu yi hattara, kada mu sauke tatsuniya ɗaya mu ɗauki wata. Akwai masanan da suka ce makamin Anemospilia kan mashi ne da ka iya faɗowa kan gawar lokacin rushewar ginin. Ƙasusuwan yaran kuma za su iya zama na al'adar tsabtace ƙashi kafin a sake binnewa. Mai cewa Minosawa masu cin naman yara ne, yana mai tabbatarwa, ya yi irin kuskuren Evans ne ta ɗaya gefen. Bambancin shi ne waɗannan hasashe a takarda suke, an buga su tare da shaidarsu, kowa na iya dubawa ya yi gardama.

Allunan da suka ƙaryata mai su

Hukunci mafi tsanani a kan Evans daga ramin da ya haƙa da kansa ya fito. Ya tono dubban allunan yumɓu masu wani rubutu da ya sa wa suna Linear B. Ya yi imani harshen Minosawa ne, ba Girkanci ba, domin a ganinsa Kirit ce ta mallaki Girka, biranen da ke can irin su Mikene kuma 'yan amshin shata ne. Masana irin su Alan Wace da Carl Blegen da suka ce mutanen Mikene suna da ƙarfin kansu sun sha suka a hannunsa. Allunan kuwa ya riƙe su, yana fatan shi zai warware su. Har ya rasu a 1941, ƙalilan ne aka buga.

A 1939 Blegen ya tono ɗaruruwan alluna masu irin wannan rubutu a Pylos, a cikin ƙasar Girka kanta. Wata malamar jami'a a New York, Alice Kober, ta zauna da dubban katunan da ta yanka da hannunta, ta gano cewa ƙarshen kalmomin yana sauyawa bisa ƙa'ida, ba tare da ta yi hasashen ko wane harshe ne ba. Ta rasu a 1950. A 1952 wani matashi mai zanen gine-gine, Michael Ventris, wanda ya fara jin labarin allunan daga bakin Evans yana ɗan shekara 14, ya warware rubutun. Girkanci ne, tsoho ƙwarai.

Ku dubi yadda Ventris ya yi. Shi ma yana da nasa zaton: ya daɗe yana ganin harshen dangin na Etruskawan Italiya ne. Da jadawalinsa ya fara fitar da kalmomin Girkanci, sai ya bi shaida ya bar zatonsa. Sakamakon ya juya labarin Evans: a zamanin ƙarshe na Knossos, masu jin Girkanci ne ke riƙe da ita. Kuma abin da ke cikin allunan lissafi ne zalla: tumaki kusan 100,000, ulu, mata masaƙa da abincin da ake ba su, man zaitun, kekunan yaƙi, takubba. Da Evans ya saki allunan tun 1910, wa ya san shekara nawa da aka rage? Ɗaya rubutun, Linear A, wanda shi ne na mutanen tsibirin kafin Girkawa, har yau ba a warware shi ba.

To, mene ne hukunci?

Wanda ya ce a jefar da aikin Evans bai yi adalci ba. Tsarin da shi da Mackenzie suka yi na raba Zamanin Tagulla na Kirit gida uku, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, bisa sauyin tukwane daga shimfiɗar ƙasa zuwa shimfiɗa, har yau da shi ake aiki. Shi ya bambance rubuce-rubucen tsibirin. Kuma littattafan aikin yau da kullum na Mackenzie suna nan a ajiye. Su ne Leonard Palmer da John Boardman suka koma wa a shekarun 1960 da suka yi jayayya kan shekarun allunan. Abin da aka rubuta a takarda ya ba na baya damar gyara. Abin da aka zuba wa kankare ya hana: a wurare da dama ba za a ƙara ganin asalin bangon da ke ƙarƙashi ba. Garin neman gira an taɓa ido.

A 1964 masana suka fitar da Yarjejeniyar Venice, wadda ta ce gyara ya tsaya a inda hasashe ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya gane shi. Da wannan ma'auni, yawancin abin da aka yi a Knossos a shekarun 1920 ba zai wuce ba. Abin dariyar shi ne kankaren Evans yanzu shi ma ya tsufa, rodin cikinsa na tsatsa yana fasa shi, hukumomin Girka kuma suna kashe kuɗi suna gyara shi, domin ya zama tarihi shi ma. Ba a iya cire shi ba tare da an lalata na ƙasa ba. Kuma shi ne ya sa Knossos ke bin bayan Akropolis na Atina wajen yawan baƙi.

Mu ma da sauran kallo a gida. Ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007, kuma da yawa daga ƙofofinta an sake gina su da bulo da siminti. Ginin ƙasa dole a riƙa yi masa yaɓe, in ba haka ba damina ta cinye shi, don haka gyara ba laifi ba ne. Abin da Knossos ke koya mana shi ne a auna, a ɗauki hoto, a rubuta yadda abu yake kafin a taɓa shi, a ajiye bayanan inda kowa zai iya dubawa, sannan a bar alamar da za ta nuna wa na baya inda tsohon gini ya ƙare.

Ga mai karatu kuma, duk lokacin da aka nuna maka kyakkyawan hoton wata tsohuwar wayewa, a littafi ne ko a bidiyo, akwai tambayoyi uku da suka cancanci a yi. Wane ɓangare ne aka tono daga ƙasa? Wa ya cike sauran, kuma a wace shekara? Sunan da aka sa wa abin, daga rubutun masu shi aka samo shi ko daga bakin wanda ya tono shi? A gidan tarihi na Heraklion, in ka matsa kusa da zanen saurayin mai kambi, za ka iya amsa ta farko da idonka: guntayen asali sun ɗan taso, sun yi duhu, suna da kaushi, sauran kuwa fenti ne sumul.